Tambaya da Amsa: Jirgin ƙasa, bas da ƙuri'a a zaɓen majalisun yankunan Faransa

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan karon saƙonnin da suka taru mana kusan duk hanya ɗaya suka bi, maganar sufuri ce a zaɓen majalisun yankuna na ƙasar Faransa, yawanci daga 'yan uwanmu na Nijar masu karatu ko neman abinci a can, sai kuma na gida da suke tsintar labarin a rediyo. Na zaɓo guda biyar, wasu na ɗan rage musu tsayi, a yi min afuwa.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni ɗaliba ce 'yar Maraɗi ina zaune a bayan garin Paris, kullum sai na shiga jirgi kafin na kai makaranta. Abun da yake ɗaure min kai shine duk sanda jirgi ya makara ko aka ƙara kuɗin kati sai naji wasu suna zagin kamfani, wasu shugaban ƙasa, wasu kuma wai shugabar yanki. Dan Allah wai waye mai jirgin nan ne? Kuma ni zan iya jefa ƙuri'a?

Amsa: Barka kadai 'yata, Allah ya ba da sa'ar karatu. Bari na fara da ta ƙarshen don tafi sauƙi. In dai ba ki da takardar zama 'yar ƙasar Faransa toh ba ki da ƙuri'a a zaɓen yanki, ko da kuwa shekara ashirin kika yi kina biyan kuɗin jirgi. Hatta 'yan sauran ƙasashen Tarayyar Turai ba sa yin wannan zaɓen, na magajin gari da na majalisar Turai kawai aka yarje musu.

Maganar waye mai jirgi kuwa, ki ɗauka kamar mutum ne ya ɗauki shatar mota. Wanda ya yi shata shi yake cewa ga inda za a je, ga lokacin tashi, ga abun da kowane fasinja zai bayar, kuma shi zai cika ma mai mota kuɗinsa. Direba tuƙi ne nasa. Titin kuma na gwamnati ne. Toh majalisar yanki ita ce mai shatar. Tun shekarar 2002 aka miƙa ma yankuna ragamar jiragen da ake kira TER, wato masu zirga-zirga tsakanin garuruwan cikin yanki ɗaya, su suke tsara jadawali su sayi taragai su yanka farashi, kamfanin jiragen ƙasa na gwamnati, wato SNCF, kuma ya tuƙa bisa kwangila. Layin dogon kansa da sigina da gadoji suna hannun wani reshen kamfanin mai suna SNCF Réseau wanda mallakin gwamnatin ƙasa ne, shi yasa in waya ta tsinke ko sigina ta lalace da asuba kika ga allon tasha ya cika da jiragen da aka soke, shugabar yanki za ta ce ba ita ba ce, kuma a wannan karon gaskiyarta ne, duk da dai ita ma tana da damar cin kamfani tara in aiki ya lalace tunda haka yake a rubuce cikin kwangila.

Inda kike kuwa, wato yankin Île-de-France, abun ya fi haka ma. Akwai hukuma guda mai suna Île-de-France Mobilités da ta haɗa metro da bas da taram da jiragen RER masu haɗa Paris da garuruwan kewayenta duka a hannunta, kuma wanda yake shugabancin majalisar yanki shi ne shugaban hukumar. Tun Disambar 2015 Valérie Pécresse ce a kujerar. Don haka kuɗin katin Navigo ɗin nan da kike gani mutane suna dangwalawa a bakin ƙofa ya yi ƙara ƙofar ta buɗe, da katin ɗalibai na Imagine R in shi kike riƙe da shi, duk a teburin wannan hukumar ake yanka su. Masu zagin shugabar yanki a kan farashi dai ba su yi ɓatan kai ba.

Kuma tarihin katin nan shi kaɗai ya isa ya nuna miki yadda zaɓe yake juya farashi. Da can iya nisanka iya kuɗinka, mutumin da yake can ƙarshen yanki, wanda yawanci shi ne talakan, shi ya fi biya. A watan Satumba 2015 majalisar da Jean-Paul Huchon yake jagoranta ta mayar da shi farashi ɗaya ga kowa, yuro 70 a wata, wata uku kacal kafin zaɓe, ke ma kin san ba dacewa aka yi ba. Jam'iyyarsa ta sha kaye duk da haka. Pécresse ta shigo bayan ta ce ba za ta taɓa farashin ba, amma 2016 ya koma 73, 2017 ya koma 75.20, sai aka bar shi a nan har aka tsallake zaɓen 2021 lafiya, a Janairun 2023 kuma ya yi tsalle zuwa 84.10, a 2024 ya zama 86.40, a 2025 ya kai 88.80, wato wajen jaka 58 na sefa a wata. Ki lura da shekarun da bai motsa ba da waɗanda ya motsa.

Tambaya: Salam Malam. Daga Kano nake. Na taɓa ji wai a zaɓensu na baya wata 'yar takara ta ce in ta ci kowa zai riƙa shiga jirgi da bas kyauta a Paris amma mutane suka ƙi zaɓenta. Anya kuwa gaskiya ne? Mu nan tun da aka cire tallafin mai kuɗin adaidaita ya gagare mu, wallahi da a nan ne ko kamfen ba sai ta yi ba.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Gaskiya ne ba ƙage ba. Audrey Pulvar ce, tsohuwar 'yar jarida, wadda 'yan gurguzu suka tsayar a Île-de-France a zaɓen Yunin 2021, kuma shiga kyauta shi ne babban abun da ta riƙe, ta ce za a fara da matasa da masu ƙaramin ƙarfi sannan a hankali a kai ga kowa. A zagayen farko wajen kashi 11 ta samu. Tsarin nasu zagaye biyu ne, jerin sunayen da ya kai kashi 10 yana iya wucewa zagaye na biyu ko ya haɗe da wani, wanda ya zo na ɗaya a ƙarshe kuma a fara ba shi rubu'in kujeru tukuici kafin a raba sauran. Ita da Clémentine Autain, wata 'yar takarar ɓangaren hagu, suka bi bayan Julien Bayou na jam'iyyar masu kare muhalli, su uku suka haɗa jeri ɗaya, amma Pécresse ta cinye su da wajen kashi 46.

Me ya sa ba su yi rububinta ba? Kaga mutumin da yake tashi ƙarfe biyar na asuba ya tsaya a dandamali jirgi ya zo maƙil ya kasa ko sa ƙafa, ya jira na biyu shi ma haka, shi ba farashi ne ya fi ci masa rai ba, so yake jirgin ya zo kan lokaci ya samu wurin tsayawa. Ƙari a kan haka doka ta tilasta ma duk mai ɗaukar ma'aikata ya biya ma ma'aikacinsa rabin kuɗin katin wata, yana nan layi guda a takardar albashi, toh wanda rabi kawai yake fitarwa daga aljihunsa in ka ce masa kyauta ba wani tsalle zai yi ba. Marasa galihu da dama kuma dama suna da rangwame ko ma kyautar.

Sannan su ma can sun san banza ba ta kai zomo kasuwa. Kuɗin tafiyar da sufurin yankin Paris kusan rabinsa daga wani haraji yake zuwa da ake ɗora ma duk ma'aikatar da take da mutum 11 zuwa sama, ana lissafa shi a kan jimillar albashin da take biya, a cikin Paris da jihohi ukun da suke manne da ita ya kai kashi 3.2 tun 2024. Sauran kuma daga tikiti da gudummawar yanki da ƙananan hukumomi. In ka zare tikiti ka bar rami na biliyoyin yuro duk shekara, kuma majalisar yanki ba ta da ikon ɗaga iyakar wancan harajin da kanta, sai majalisar dokokin ƙasa ta yarda. Wato ta yi alkawarin abun da mabuɗinsa ba ya hannun kujerar da take nema, kuma abokan hamayya ba su bar ta ta huta a kan wannan ba.

Amma kar ka ɗauka kyautar ba ta yiwuwa sam. Dunkerque ta mayar da bas ɗinta kyauta tun Satumba 2018, Montpellier ma ta yi ma mazaunanta haka a Disamba 2023. Sai dai waɗannan hukumomin birane ne ba majalisun yanki ba, kuma a gari irin Dunkerque dama abun da tikiti yake kawowa ɗan kaɗan ne, in an yafe shi ba a jin zafi sosai.

Ni dai in ka tambaye ni, wadda ta fi iya wasan ita ce Carole Delga ta yankin Occitanie a kudu, ita ma 'yar gurguzun ce. Ba ta ce kowa kyauta ba. Tikitin yuro ɗaya ta yawaita, akwai layukan da duk shekara haka suke, kamar na Nîmes zuwa Le Grau-du-Roi a bakin teku wanda lokacin zafi za ka ga samari da iyalai sun cika shi da tawul da kulolin abinci, sannan a ƙarshen makon farko na kusan kowane wata jiragen yankin suna komawa yuro ɗaya. Motar kai yara makaranta ta mayar kyauta daga 2021. Ta sake buɗe layin fasinja na gefen kogin Rhône tsakanin Nîmes da Pont-Saint-Esprit a 2022 bayan ya yi kusan shekara hamsin ba ya ɗaukar mutane. Duk abubuwan da suke cikin ikonta ne kuma mutum yana iya gani da idonsa. A 2021 ta ci da wajen kashi 58, duk da wasu daga cikin ayyukan nan bayan zaɓen suka zo. Ba zan ce jirgi ne kaɗai ya ba ta ba, amma dai bai rage ta da komai ba.

Tambaya: Malam ina gaisuwa. Ni ina aikin gini a Marseille. Yanzu in za ni Nice sai naga jirgin wani kamfani daban ba wanda muka saba ba. Abokan aikina suna cewa an sayar da jirgin ƙasa ma 'yan kasuwa. Haka ne?

Amsa: Ina amsawa, Allah ya tsare a bakin aiki. Ba a sayar ba, direba aka canza. Layin dogon yana nan na gwamnati, yanki ne har yanzu yake yanka farashi yake biyan kuɗi. Abun da ya faru shine dokar Turai da ta Faransa sun buɗe ƙofar gasa, duk sabuwar kwangilar da za a bayar bayan Disamba 2023 dole a yi tallarta kowa ya nema. Yankinku, ƙarƙashin Renaud Muselier, bai ma jira an tilasta shi ba, a 2021 ya ba kamfanin Transdev layin Marseille zuwa Toulon zuwa Nice, shi ne karon farko da wani layin TER ya fita daga hannun SNCF ta wannan hanyar, suka fara aiki ƙarshen Yunin 2025 da sababbin taragai, da alkawarin ninka zirga-zirga daga 14 zuwa 28 a rana, jirgi duk awa.

Wannan fa ita ce ainihin rigimar da ta raba 'yan takara, ta fi ta kyauta nauyi duk da ba a cika ihu a kanta ba. Masu ra'ayin riƙau irin su Muselier da Xavier Bertrand na Hauts-de-France suna cewa in kamfani ya san za a iya ƙwace masa kwangila zai shiga taitayinsa. Ƙungiyoyin ma'aikatan jirgi da ɓangaren hagu kuma suna cewa za a tsinci layuka masu maiƙo ne, a matse ma'aikata, tikiti ya rikice tsakanin kamfanoni. Delga ta yi sauri a 2023 ta sa hannu da SNCF na shekara goma kafin ƙofar ta rufe. Kaga ƙasa ɗaya doka ɗaya, amma ƙuri'ar yanki ta sa maƙwabta biyu sun bi hanya daban-daban. Wanda ya yi daidai a cikinsu sai an ga shekaru, ni ban yarda da mai yanke hukunci da wuri ba ko ta wane ɓangare.

Abu ɗaya da abokanka ya kamata su sani, jirgin TER ba sana'ar riba ba ce daga tikiti. Kotun binciken kuɗin gwamnati ta Faransa ta fitar da rahoto a 2019 da ya nuna wajen kashi 88 na abun da jiragen nan suke ci daga baitulmali yake fitowa, fasinja kashi 12 kawai yake ɗauka. Ko wane kamfani ya zo, daga aljihun hukuma zai ci.

Tambaya: Malam tunda abun yana da muhimmanci haka me ya sa naji ance mutane ba su fita zaɓen ba? Daga wani malamin makaranta a Tawa.

Amsa: Malam ai abun takaicin kenan. A zagayen farko ranar 20 ga Yuni 2021 mutum biyu cikin uku ba su je ba, na biyun ma ranar 27 kusan haka. Korona ta taka rawa, don dama saboda ita aka ɗage zaɓen daga Maris. Amma ni na fi ganin laifin 'yan siyasar. Sufuri shi ne ya fi komai cin kasafin yankuna, sai makarantun sakandare na sama da koyar da sana'a, amma kamfen ɗin kusan duk a kan tsaro aka yi shi da kuma wa zai tsaya takarar shugaban ƙasa a 2022, alhali yanki ba shi da ɗan sanda ko ɗaya, iyakacinsa ya sa kyamara a tasha ya biya kuɗin masu gadi cikin jirgi. Mai zaɓe ya saurara yaji ba a maganar abun da ya shafe shi sai ya yi zamansa.

Akwai kuma mutanen karkara da jirgi bai dame su ba don babu tasha kusa da su. A 2016 an haɗe yankunan cikin ƙasar daga 22 zuwa 13, wasu suka zama manya ƙwarai har mutum yana jin hedkwatar yankinsa wata duniya ce. A 2017 aka karɓe motocin bas na tsakanin garuruwa da na 'yan makaranta daga hannun ƙananan jihohi aka ba yankuna, amma mutumin ƙauye motarsa ce ƙafarsa, kuma kar ka manta zanga-zangar masu riguna ruwan ɗorawa ta Nuwamba 2018 daga harajin mai ta tashi. Bertrand ya gane wannan da wuri, tun 2016 yankinsa yake ba ma'aikata masu ƙaramin albashi da suke tuƙa nesa zuwa aiki yuro 20 a wata. Kuɗin ba yawa amma ana ganinsa a asusu.

Tambaya: Gaisuwa Malam, dattijo ne daga Damagaram. Mu ma ai mun yi zaɓen majalisun jihohi, ban taɓa jin ɗan takara ya yi maganar mota ko tasha ba. Mene ne bambancin?

Amsa: Ranka ya daɗe Baba, Allah ya ƙara lafiya. Bambancin iko ne da kuɗi. Nijar ta zaɓi majalisun jihohi karon farko a Janairun 2011, ta sake ranar 13 ga Disamba 2020, sunan iri ɗaya da na Faransa, amma da aka tashi miƙa musu ayyuka a 2016 fannin ilimi da lafiya da ruwa da muhalli aka fara da su, sufuri ba ya ciki. Manyan hanyoyi na gwamnatin Yamai ne, motocin da suke ɗaukar mutane daga Damagaram zuwa Maraɗi zuwa Yamai na 'yan kasuwa ne, tasha da kabu-kabu kuma harkar magajin gari ce. Hatta layin dogon Yamai zuwa Dosso da aka yi bikin buɗewa a 2016 aikin gwamnatin ƙasa ne da kamfanin waje, majalisar jiha ba ta da ta cewa a ciki. Ɗan takarar da bai yi muku alkawarin mota ba ni ina ganin ya kyauta ma, da ya yi da ƙarya ya yi. Yanzu kuma ka san majalisun an rushe su tun Afrilun 2024.

A Najeriya jihohi sun fi kama da yankunan Faransa ta wannan fuskar tunda suna da kasafi na gaske, kuma a Maris 2023 an gyara kundin tsarin mulki aka ba su damar gina layin dogo da kansu. Legas ta fara ɗaukar fasinja a jirginta na Marina zuwa Mile 2 a Satumbar 2023. Don haka mutumin Kano ko Kaduna in ya tambayi mai neman gwamna ina bas ina jirgi, wa zai biya, nawa za a cika daga asusun jiha duk wata, bai yi shisshigi ba.

Su Faransa sai Maris 2028 za su sake zaɓen yankuna, an ɗan tsawaita wa'adin don kar ya yi karo da na shugaban ƙasa a 2027. Tuni an samu sabon abun faɗa, don dokar kasafin 2025 ta ba yankuna damar karɓar nasu harajin sufuri na kashi 0.15 daga albashin da kamfanoni suke biya, Occitanie da yankin Marseille sun karɓa, wasu shugabannin yankin kuma irin su Bertrand sun ce ba za su ƙara ma kamfanoni kaya ba.

Masu tambaya a kan lasisin tuƙin Nijar ko ana amfani da shi a Faransa ku yi haƙuri fili ya ƙare, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.